San Goggo da Ƙugiyar Jan Giginya

Makon jiya aka kawo injin yankan itace kwarin da ke bayan garinmu. Ina zaune a ƙofar gida na ji kukansa tun hantsi. Kafin a kira azahar giginyoyi sun kwanta, kafin la'asar an yayyanka su an loda a mota, mota ta tashi. Samari uku ne suka yi aikin, ɗaya ma da waya a kunne. Ban hana su ba. Itacen ba nawa ba ne, mai shi ya sayar. Amma na daɗe a zaune bayan sun tafi, domin a kunnena ba haka giginya take faɗuwa ba. A namu lokacin gatari ake ji tun bayan sallar asuba, mutum biyu suna karɓa-karɓa, sai rana ta take sannan ka ji ta yi ƙara kamar ana buɗe tsohon ƙyaure, tsuntsaye su watse, ƙasa ta amsa har cikin gari. Mata sukan tsayar da taɓarya su ce wata ta faɗi. Faɗuwar kuma ita ce mai sauƙi. Fito da ita daga inda ta kwanta shi ne aiki, kuma aikina ke nan.

Ni da shanu na tashi. Da damina in yi huɗa, gonarmu da ta mutane. Da rani in ja itace. Daga ƙauyukan Ruwan Bago har wajen Falgore babu hanyar da ban bi da karkiya ba. Kafin in sa komai a bakina da safe sai na jiƙa dussa, na zuba harawa, na duba kofato ɗaya bayan ɗaya ko ƙaya ta shiga, na shafa wuya inda karkiya ke zama ko ya ɗaye. Ran Juma'a kanwa. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne, abin da ya koya mini da baki bai fi a ƙirga ba. Yakan ce sa ba ya ƙarya, in ya tsaya ka duba me ya tsayar da shi kafin ka ɗaga sanda. Yakan ce kuma igiyar sa ba a riƙe ta da kan yatsu, naɗe ta ake yi a hannu sau biyu, domin in ya fizga ta kuɓuce maka, sai ka tsinto shi a gonar wani. Haka na taso ina naɗe igiya a hannu, har ta kai ko gugar rijiya na kama sai na naɗe, ban san na yi ba. Yanzu yaro yana murɗa hannun babur ya ce ya gaji. Ba na musu da shi. Kowa da irin gajiyar zamaninsa.

A shekarun da nake magana, ciwon shanu bai daɗe da wucewa ba. Ya share garkuna, Fulani da yawa sun koma ba ko saniyar tatsa. Wanda yake da sa biyu masu lafiya ana nuna shi da baki a kasuwa. Ni ina da biyu, Jatau da Baƙi, gadon mahaifina. To akwai rafi tsakaninmu da hanyar Rogo. Da rani yaro ma yana tsallake shi, da damina kuwa yakan yanke mu kwana biyu, kwana uku, ba kasuwa, ba kai mara lafiya. Mai unguwa ya tara magidanta aka ce a yi kadarko kafin ruwa ya sauka, kuma da giginya namiji za a yi, sukutum ba tsagawa, domin ita gara ba ta ci da wuri. Aka sare guda shida a kan tudu. Daga tudun zuwa bakin rafi hanya ɗaya ce, siririya, tana bin gefen wani kwazazzabo mai zurfin tsayin mutum biyu. Aka ce ni zan jawo su. Na ce to.

Yadda kowa yake yi na yi. Na ɗaure gungumen da igiya mai kauri, na ƙulla a tsakiyar karkiya. Maƙwabcina Dogo, wanda shi ne ya sare su, yana gaba yana riƙe da igiyar hanci, ni ina baya. Giginya santsi gare ta, kuma a mulmule take. Muna kaiwa inda hanya ta karkata sai ta mirgina ta nufi rami. Na kai hannu ƙullin, nauyi ya riga ya matse shi kamar dutse. Kafin in zaro wuƙa ta tafi da su. Jatau ya tashi da ƙujewa. Baƙi ya karye a ƙafar gaba, ƙashi a waje. A cikin ramin aka yanka shi. Na raba naman ban ci ba.

Sa ɗaya ba ya karkiya. Duk garin kuma mutum ɗaya ke da san da ya yi daidai da Jatau a tsayi da tafiya, ita ce Goggo, yayar mahaifina. Mijinta maƙeri ne, ya daɗe da rasuwa. Santa sunansa Goshi, saboda farin da ke fuskarsa. Tun yana maraƙi ta rene shi a tsakar gida, ɗan saniyar da ta gada ne, kuma shi kaɗai ya tsira daga ciwon. Da damina ana haɗa shi da na wani a yi mata huɗa, a yi wa wasu a ba ta hatsi. Abincinta na shekara a wuyansa yake. Na kwana uku ina juya zancen kafin na je. Na same ta tana murza ƙuli-ƙuli. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini jajen Baƙi.

Ta ce, “Gaisuwa ta ƙare tun ɗazu. Faɗi.”

Na ce, “Goggo, Goshi nake so a ara mini.”

“Ka kai shi inda ka kai wancan?”

“Hanyar ɗaya ce.”

Ta ci gaba da murzawa har ta cika faranti. Sannan ta ce, “Ubanka bai taɓa roƙona abu na hana shi ba. Amma igiya ba za ta sake ɗaure mini sa da itace ba. Je ka wurin ɗan'uwanka ya yi maka abin da za a iya kwancewa in ta ɓaci. In ya ce ya yi, zo ka ɗauka. In ya dawo mini a kwance, ku biyun kada wanda ya sake ce mini Goggo ko Inna.”

Ɗan'uwan nawa shi ne babban ɗanta, wanda ya gaji maƙerar ubansa. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini mai bin gindin sa. Ya girme ni da kaɗan. Maƙerarsa rumfa ce ta kara a bakin gari, kullum da hayaƙin gawayin ƙirya. Tun daga nesa kana jin numfashin zugazugi da masaba tana sauka a kan uwar maƙera, biyu da ƙarfi ɗaya a hankali. Da wannan sautin ake sanin gari ya waye. Garma, fartanya, lauje, gatari, ƙusar ƙofa, duk daga nan suke fitowa. Yau abin da ya lalace jefarwa ake yi a sayo na kanti. A da sai a kai masa ya duba, ya zage ka a kan yadda ka riƙe shi, ya gyara.

Na yi sallama na ce, “Bawa, ubangidanka ya zo da aiki.”

Bai ɗago ba ya ce, “Ubangidan da ya ciyar da gari nama ba suna ba biki? Zauna daga can, kana tare mini iska.”

Na faɗa masa abin da Goggo ta ce. Ya ajiye awartaki. Ya sa na zana masa hanyar a ƙasa, inda ta karkata, inda gungumen ya mirgina, inda shanu suke a lokacin. Ya tambaye ni abu ɗaya sau uku. Daga nan ya ce zai yi, amma da sharaɗi. San uwarsa ba zai shiga ƙarfen da ba a gwada ba.

Na ce, “Da me za a gwada? Jatau shi kaɗai ne.”

Ya ce, “Ga ka, ga Dogo. Na ga wuyanku ya isa.”

Wasa na ɗauka. Ba wasa yake yi ba. A bayan maƙerar akwai kududdufi inda ake haƙar ƙasar gini, bakinsa a tsaye, ƙasansa sauran taɓo. Muka tattara mutane aka turo wani guntun giginya, kamar rabin na kadarko, aka ajiye a bakin ramin. Nan ya zama wurin gwaji. Ni da Dogo muka sa karkiya a kafaɗa, magidanta biyu da gemu. Tsofaffi suka ɗauko buzu suka zauna a inuwa. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa sauya hanya don su bi ta nan. Wata ta tambayi Dogo ko a kawo masa harawa. Liman ya zo wucewa ya tsaya ya kalle mu, ya ce Allah ya ba da lada, ya juya da sauri, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Abin da taubashina ya fara ƙerawa ƙusa ce mai tsayin kamu ɗaya da zobe a kanta, a kafa ta a bakin gungume a saƙala sarƙa. Muka ja taku biyar ta zaro, muka kifa. Ashe bai taɓa aiki da giginya ba sai da ƙirya da maɗaci. Ita giginya bayanta ne ƙarfe, cikinta kamar totuwar kara. Dogo ya tofar da ƙasa ya ce da an tambaye shi da ya faɗa. Taubashina ya ce ba a saba tambayar sa ba. Na biyu ya bar ƙusa ya yi sarƙar da za ta zagaye gungumen, ana ja tana ƙara shaƙe shi, da ƙugiya a bakinta. Da sifirin ɗin tsohuwar mota ya yi ƙugiyar. Da ta yi ja ya lanƙwasa ta, ya tsoma a ruwa ta yi cuu, yadda yake yi wa gatari da lauje tun yana yaro. Wannan karon mun yi taku goma sha. Gungumen ya ci karo da saiwa, ƙugiya ta ɓalle gida biyu kamar kwalba, muka sake kifawa. Ya tsinci gutsattsarin ya daɗe yana kallon bakin karayar. Ya ce laifinsa ne, ruwa na abin da zai yanka ne, abin da zai ja nauyi so ake ya miƙe kafin ya karye. Daga ranar duk ƙarfen jan da ya ƙera, a toka yake binne shi ya huce da kansa.

Saura babban abu, yadda za a kwance in nauyi ya hau. Wannan ya ci masa kwanaki. Ya bar garemanin mutane a jibge, ana ta zuwa ana yi masa ƙorafi. Ran kasuwar Karaye ya tafi sayen ƙarfe, ya dawo ba ƙarfe. Wai ya wuni a tasha yana kallon yadda 'yan kamasho ke buɗe ƙofar bayan babbar mota, kaya ya danne ta amma mutum ɗaya ya bugi sakata ta faɗi. Ya ce abin da yake nema ke nan. Ya ƙera ƙugiya mai harshe. Harshen dogo ne, yana naɗewa ya kwanta a jikin ƙugiyar, sai a zura masa zobe ya riƙe shi a rufe. A jikin zoben a ɗaura igiya. In ka fizgi igiyar zobe ya zame, harshe ya buɗe, abin da aka saƙala ya fita. Ƙugiyar tana haɗe da sarƙar gungume, sarƙar karkiya kuma ita ake saƙalawa a harshen.

Ranar gwajinta mutane sun fi kullum. Muka ja gungumen a gefen kududdufi, maza huɗu suka ture shi da sanduna ya mirgina, yadda ta faru a kwazazzabo. Taubashina ya fizgi igiya. Zobe ya ƙi motsi. Ni da Dogo muka bi gungume har cikin taɓo, da baya. Na fito ba a gane gabana da bayana. Na ce masa, “Bawa, in na kama ka sai na sayar da kai a Rogo.” Ya ce, “Wanke fuska tukuna su ga mai sayarwa.” Amma bai yi dariya ba. Ya koma ya ƙara wa harshen tsayi don nauyin da ke kan zobe ya ragu, ya goge shi da magagari har ya yi sumul, ya shafa man kaɗe. Muka sake. Ya fizga ya saki, igiya ta bi gungume cikin rami, mu kuma muna tsaye da karkiya a wuya. Aka fito da gungumen aka sake. Aka jiƙa ƙarfen aka sake. Aka cusa masa yashi aka sake. Kwana biyu muna yi, bai ƙi ko sau ɗaya ba. Sannan ya wanke hannu ya je ya durƙusa gaban uwarsa ya ce ya yi.

Ita da kanta ta kwance Goshi ta miƙa mini igiya.

Goshi da Jatau suka yi daidai kamar tare aka haife su. Dogo a gaba da igiyar hanci, ni a baya ta gefen tudu da igiyar zobe, taubashina yana biye da mu da masaba a hannu ko wani abu zai taso. Na farko ya sauka lafiya. Na biyu ma. Washegari na uku. A bakin rafi mutane suna jira da duwatsu da turaku, kowane gungume ya iso a yi ta sannu da aiki. Har na fara jin wannan karkatar ba komai ba ce. Na huɗu shi ne mafi kauri, gindin wata tsohuwar giginya. Muna shiga karkatar na ji Goshi ya tsaya. Na duba. Ƙasar gefen hanya ce ta fara zubewa a ƙarƙashin gungumen, sawun ukun farko ya cinye ta. Ya juya a hankali, sannan ya tafi. Sarƙa ta miƙe, karkiya ta karkace, na ga gwiwar Goshi ta kai ƙasa. Na fizga da duk ƙarfina. Zobe ya zame, harshe ya buɗe, sarƙar karkiya ta faɗi. Shanu suka yi gaba taku biyu suka tsaya.

Igiyar kuwa tana jikin ƙugiya, ƙugiya tana jikin gungume. Ni kuma na naɗe ta a hannu sau biyu, yadda na saba. Duk kwanakin gwaji taubashina ne ke riƙe da ita, shi kuwa maƙeri ne, hannunsa ya saba sakin abu da sauri. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wanda zai riƙe ta ranar aiki mai shanu ne. Ta fizge ni na faɗi, ta ja ni a ƙasa har bakin rami. Can ta zame ta tafi. Ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, na hannun hagu. Ban ji zafi ba a lokacin. Na ji dai ƙarar gungumen a ƙasan kwazazzabo, na ji Dogo yana salati. Na tashi na yage gefen rigata na ɗaure. Taubashina yana tsaye da masabarsa, bakinsa a buɗe. Suka ce a nemo babur a kai ni Karaye. Na ce a nemo, amma sai na mai da sa.

Na ja shi da hannun dama har gidan Goggo. Labari ya riga ni. Tana tsaye a tsakar gida. Ba ta kalle ni ba. Ta karɓi igiya, ta durƙusa ta shafa ƙafar gaba ta dama tun daga kafaɗa har kofato, ta koma ta hagu, ta tsaya a gwiwar da ta taɓa ƙasa ta danna ta, ta duba na baya. Ta shafa wuya. Ta ja shi ya zagaya gidan tana kallon takunsa. Ta ɗaure shi a turke ta zuba masa ruwa. Sannan ta juyo.

“To kai kuma nuna mini.”

Na kwance tsumman. Ta kalla. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe mini da kyau, ta ɗaure da haƙori. Ta ce, “Tafi a ɗinke.”

A asibiti aka wanke aka ɗinke, na dawo gida na zauna. Zaman ya fi ciwon damuna. Mutane suna ta zuwa dubiya, mai kunu, mai goro, mai addu'a. Mutum ɗaya ne bai zo ba. In na aika a gaishe shi sai a ce ya amsa. Daga gidana ina jin masabarsa, ba ta tsayawa. Ranar da muka haɗu a masallaci ya miƙo hannu ya ce, “Ya jiki, Malam?” Malam. Tun da aka haife ni bai taɓa kirana da girmamawa ba. Wannan ya fi igiyar yi mini zafi. Na so in ce masa ni na naɗe, ba shi ya naɗe mini ba. Ban iya irin wannan maganar ba, shi ma bai iya jin ta ba. Muka rabu a haka.

Bayan kamar mako biyu ya aiko in zo kududdufi. Na tarar da Dogo da wani ƙato a cikin karkiya, ga guntun giginyar nan a bakin rami. Ashe taubashina ya shiga kwazazzabo ya ciro ƙugiyar, ya juya ta. Yanzu tana haɗe da sarƙar karkiya, ita da zobenta da igiyarta, sarƙar gungume ce ake saƙalawa a harshe. In an fizga, gungume ya tafi da sarƙarsa kawai, sauran duk su zauna wurin shanu. Bai yi mini bayani ba, na gani da idona. Ya kama igiyar ya naɗe ta a hannunsa na dama, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Hannun da yake riƙe masaba da shi, wanda gidansa da na uwarsa suke ci daga gare shi.

Na ce, “Kwance. An ga ta yi.”

Ya ce, “Ba a gani ba tukuna.” Ya ce wa masu sanduna su tura.

Gungume ya mirgina. Ya fizga. Sarƙa ta bi gungume cikin rami, igiya ta zauna a hannunsa a sake. Ya sa aka fito da shi aka sake har sau uku. Sannan ya kwance ya miƙo mini, bai kalle ni ba.

Na ce, “Bawa, sai da ka ci yatsun ubangidanka biyu kafin ka san gaban ƙugiya da bayanta?”

Har na ɗauka na ɓata. Can ya ce, “Ai na rage maka na satar ƙuli-ƙulin Inna ne.” Dogo ya fashe da dariya a cikin karkiya har ya durƙusa. Daga ranar muka koma yadda muke.

Amma kadarko yana nan da gungume uku. Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mutane sun gyara karkatar, sun jera duwatsu a gefen ramin, Dogo ya sare wasu a madadin waɗanda suka faɗa. Mai unguwa ya zo dubiya sau biyu, yana dai kallon sama. Hannuna ya kama, ina iya riƙe abu. Sai dai ban je wurin Goggo ba. Ta ba ni sau ɗaya, gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya dawo da ikon Allah. Ban ga fuskar da zan koma da ita ba. Na fara tunanin in je in ce wa mai unguwa a nemi wani, ko a haƙura sai baɗi.

Wata safiya ina jiƙa wa Jatau dussa na ji ya ɗaga kai ya yi kuka. Wani ya amsa daga waje. Na leƙa. Goggo ce a ƙofar gida da mayafinta, igiyar Goshi a hannu. Daga gidanta zuwa nawa sai an ratsa gari. Na durƙusa.

“Goggo, ina kwana.”

“Lafiya lau. Ya hannu?”

“Da sauƙi.”

“Ya iyali?”

“Suna lafiya. Goggo, da kin aiko.”

“Na aiko wa? Kwana nawa ina jiranka. Kana nufin don yatsu biyu bana ma in tsallake rafi da farantin ƙuli-ƙuli a ka, ruwa har ƙirji?”

Na ce, “Na ga kamar ya isa haka. Saura kaɗan ya tafi.”

Ta ce, “Ya tafi? Da ka tsaya duba hannunka da ya tafi. An faɗa mini yadda aka yi.” Ta miƙo igiyar. “Karɓi. Na ba shi kanwa jiya, kada ka ƙara masa.”

Kwana uku muka sauke sauran. Aka jera su, aka shimfiɗa itatuwa, aka zuba ƙasa aka daɓe, ruwan farko ya same shi an gama. Bayan nan na yi shekaru ina jan itace da ƙugiyar nan, masu shanu daga wajen Karaye suka riƙa zuwa a ƙera musu irinta, kowa ya zo sai taubashina ya sa na ɗaga masa hannuna kafin a nuna masa yadda ake saƙala ta. Sau biyu ta sake buɗewa a kan aiki, sau biyu shanu suka tsaya da ƙafafunsu. Goggo ta rasu, Dogo ya rasu, taubashina ma ya bi su, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Yatsu takwas ɗin da suka rage mini sun yi noma, sun aurar da 'ya'ya, har yau suna alwala suna kai loma baki. Na duba ban ga abin da na rasa ba. Alhamdu lillahi.